Tantin Sadiƙu da Ruwan Shuka

In ka shiga kasuwar Tawa ranar Lahadi ka tambayi Sadiƙu, sai a ce maka wanne daga ciki. In ka ce Sadiƙu Mai-igiya kuwa, ko mai tallar ruwan sanyi za ta nuna maka rumfarsa, can bayan 'yan tabarmi. Za ka tarar da wani siririn dattijo mai gajeren gemu yana sayar da igiyar guga da ta ɗaurin dabbobi, yana gardama da wanda bai tanka masa ba. Ba don wannan cinikin aka sa masa sunan ba. A kan igiya yake tafiya, sama da kawunan mutane, tun yana saurayi.

Ni sunana Safiya. Mahaifina da mahaifiyarsa uwa ɗaya uba ɗaya suke, wato taubashina ne, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ƙara. Na koyar da tarihi a wata koleji a nan Tawa har na yi ritaya, kuma a duk tarihin da na karanta ban ci karo da mai taurin kai irin nasa ba.

A Takanamat aka haife mu. Tun yana ƙarami ƙasa ba ta ishe shi ba. In an aike shi ɗebo ruwa, a kan bakin rijiya zai bi yana shillo da hannuwa. In an neme shi an rasa, a ɗaga kai, yana can bisa rumbun wani. Ya sha dukan mahaifinsa har dorina ta gaji. Da ya tasa ya bi samarin Adar zuwa Abijan cin rani, kamar yadda kowa ke yi. Abokansa suna talla suna tara abin aure, shi kuwa ya liƙe wa wasu 'yan alkafura da ke wasa a bakin teku. Da suka dawo, kowa da rediyonsa da akwatin atamfa. Sadiƙu ya sauko daga mota da ƙatuwar igiya a kafaɗa, yana murmushi kamar wanda ya kawo zinariya.

Garin ya yi dariya har ya gode Allah. Mahaifinsa ya ce a gaban mutane wanda ba zai iya tsayawa a kan ƙasar da ke ciyar da shi ba, ba ɗansa ba ne. Maganar ta shige shi. Ya tattara ya dawo Tawa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya yi wasa a kusan kowane gari na arewacin Adar, amma bai taɓa ɗaura igiyarsa a Takanamat ba. Ko da tsohon ya rasu, gaisuwa kawai ya je ya yi ya dawo, ya bar gonar gado a hannun yayarsa Huseina.

A hankali ya tara ƙungiya, su goma sha biyu, duka manoma daga ƙauyukan Afala da Tebaram. Akwai masu alkafura, akwai mai tafiya a kan dogayen ƙafafun itace, akwai makaɗin kalangu, da wani mai jaki wanda jakinsa ke faɗuwa ya mace in an ambaci aiki, ya miƙe in an ambaci dusa. Tauraronsu shi ne Idrisa, wanda Sadiƙu ya koya wa hawan igiya bayan gwiwarsa ta fara ciwo ya daina hawa da kansa. Yadda suke ƙulla aiki ba shi da wuya. In hatsi ya shiga rumbu sai su taru a ƙofar gidan Sadiƙu, a raba goro, a shafa fatiha, shi ke nan. Ba a faɗin ranar rabuwa, domin kowa ya san ta. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ranar kowa ke kama hanyar gonarsa.

Wata rana ina share kabad a makaranta na ci karo da wani tsohon littafin Faransanci mai hotuna, a kan rayuwar mutanen Amirka a ƙarni na sha tara. A ciki akwai babi guda kan masu wasan yawo. Na kai masa don in tsokane shi, in nuna masa cewa ko a can akwai marasa aikin yi irinsa. Ashe na ɗebo ruwan dafa kaina. Ya zaunar da ni a kan tabarma, ya hana ni tafiya sai na fassara masa babin kaf.

Na karanta masa yadda suke tafiya gari-gari da kekunan doki cikin taɓo, daga baya suka koma jirgin ƙasa. Akwai mutum guda da ke riga su isa gari ya lilliƙa hotunan talla, ya yi ciniki da mai fili. In sun iso sai su ratsa tsakiyar gari da kiɗa da giwaye kafin su fara wasa. Kowane ɗan wasa yana sa hannu a takarda, wanda ya makara ko ya gudu a ci shi tara. Na kuma karanta masa cewa in sanyi ya shigo dole su tsaya, su koma masauki har yanayi ya gyaru, amma wannan wurin ta bayan kunnensa ya bi. Idonsa na kan hoto ɗaya, na wani ƙaton tanti mai ginshiƙi a tsakiya, mutane sun yi layi suna shiga.

Ya ce, "Taubashiya, duba nan. Mai wasa ga hili baƙo na, ko akuya tana iya ratsa mai wasa. Amma mai tanti, shi am mai gida. Sai an yi mai sallama."

Na ce, "Kai da ko rumfarka ta kasuwa iska ke kwashewa?"

Bai ma ji ni ba. Daga ranar ya kamu da ciwon tanti. Ya tambayi teloli, ya tambayi masu hayar rumfunan biki, ya tambayi direbobin da ke zuwa Libiya. Duk inda ya ji kuɗin sai ya dawo gida ya sake lissafi. Matarsa Salamatu ta ce mini in na sake kawo wani littafi gidanta za ta hura wutar tuwo da shi. Haka aka yi shekaru, ƙungiyar na wasa a fili, rana na dukan masu kallo, shi kuwa yana ta faɗin yadda zai kafa ginshiƙi in Allah ya kawo.

Allah kuwa ya kawo, ta hannun wata yarinya mai suna Fa'iza. 'Yar Tawa ce, ta yi karatu ta sami aiki a wani kamfanin ganyen shayi a Yamai. Tun tana ƙarama take kallon wasan Sadiƙu, da kamfanin ya so tallata shayinsa a ƙauyuka sai ta tuna da shi. Ta zo da takardar yarjejeniya, wadda mu a nan muke ce wa kwantira. Aka aiko a kira ni in karanta.

Maganar a fili take. Kamfani zai ba da babbar mota da direba da abinci, da sabon tanti mai ja da rawaya. Ƙungiyar za ta yi wasa a garuruwa goma, kowane gari da ranarsa a rubuce, shiga kyauta, ana raba shayi. In an cika goman, kowace a ranarta, da 'yan wasa cikakku, tanti ya zama na Sadiƙu har abada. In ko ɗaya ta faɗi, tanti ya koma Yamai.

Ban kai ƙarshen layin ba ya miƙe tsaye, ya zaga tsakar gida, ya dawo ya zauna, ya sake miƙewa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ni ma, ban ɓoye muku ba, na ji daɗi har idona ya kawo ruwa.

Sai ya ce in karanto sunayen garuruwan. Takanamat ce ta uku. Nan take ya ɗaga hannu.

"A'a. Ɗiyata, a maida Takanamat ta ƙarshe. Bisa ƙasar garinmu nika son tantin ga shi zama nawa, gaban waɗanda sunka yi min dariya."

Bai tsaya nan ba. Ya ce kafin garuruwa biyu na ƙarshe, Afala da Takanamat, a ba shi hutun 'yan makonni, don ya aika a lilliƙa hotuna kamar yadda Amirkawa ke yi, a kuma ɗinka wa kowa sababbin kaya. Fa'iza ta duba kalanda ta ce hakan zai kai su ƙarshen watan Mayu. Na ce masa, "Sadiƙu, ka tuna da sama fa." Ya ƙirga watannin manoma a yatsunsa, ya ce watan bakwai na shuka bai kama ba lokacin, kuma rabon da a yi ruwan shuka da wuri haka tun yana da baƙin gemu. Gaskiya ya faɗa, shekarun nan ruwa makara yake yi. Aka gyara ranaku, ya dangwala hannu.

Washegari ya tara mutanensa ya ce bana ba goro da fatiha kaɗai ba, kowa sai ya sa hannu kamar 'yan wasan Amirka. Suka yi layi suna dariya, kowa ya dangwala yatsa a tawada, mai jaki har yana tambaya ko a kawo kofaton jakin. Sadiƙu ya naɗe takardar ya sa a aljihun gaba, yana jin ya ɗaure su tamau.

Tebaram muka fara. Na ce muka, domin ya nace sai na shiga gaban mota kusa da Fa'iza a matsayin mai karanta takardu, ni kuma ritaya ta ishe ni. Wayyo, wanda bai ga shigarmu Tebaram ba ya yi asara! Tun daga bakin gari aka sauke mai dogayen ƙafafu ya shige gaba, kansa na taɓa reshen bishiyar bedi. Kalangu na bayansa, 'yan alkafura na juyawa a kan yashi, jaki da jar hula, sai Sadiƙu a tsaye bisa kan mota cikin wata jar kwat mai maɓallan ƙarfe da ya sa tela ya kwaikwayo daga hoton littafina. Cikin zafin bazara fa! Gumi na zuba har ƙafarsa, amma ko za a yanka shi ba zai tuɓe ba.

Da aka ja igiyoyi tantin ya tashi, sai kasuwa ta yi tsit. Sannan aka ɓarke da ihu. Mata suka bar ƙoren nono, mahauta suka bar nama, Buzaye suka matso da raƙumansu suna leƙe ta saman ƙofa. Sadiƙu ya tsaya a bakin shiga yana amsa sallamar kowa ɗaya bayan ɗaya, har da ta yara. A ciki haske ya koma ja, fuskar kowa ta yi kyau. Jaki ya mace ya tashi, tsofaffi suka yi dariya har da riƙe ciki. Daga ƙarshe Idrisa ya hau igiya da butar shayi a hannu ɗaya, ƙaramin kofi a ɗayan, ya tsaya a tsakiya da ƙafa ɗaya, ya ɗaga buta sama ya tsiyayo shayin ya yi kumfa, ko ɗigo bai zuba ba. Wata tsohuwa kusa da ni ta yi salati ta rufe ido, amma tana leƙe ta tsakanin yatsu.

Haka muka yi gari takwas, kowanne ya fi na baya cika. Labari ya riga mu isa ko'ina. Sadiƙu kuwa ya zama bawan tanti. Shi ke share shi, shi ke korar awaki daga jikin igiyoyi, in yaro ya taɓa da hannu mai maiƙo sai ka ji muryarsa daga nesa. Salamatu ta ce tun da ya aure ta bai taɓa kallonta yadda yake kallon tamfal ɗin nan ba.

Bayan hutu muka nufi Afala, wasa na tara, gobe kuma Takanamat. Zafin ranar ya wuce misali, iska ta tsaya cak. Da muka sauka na hangi shamuwa biyu a kan wata bishiya, na taɓa Sadiƙu na nuna masa. Ya kau da kai ya ce in daina yi masa mugun baki.

Wajen la'asar tanti ya cika maƙil, an zo wasan ƙarshe, Idrisa na tsakiyar igiya da butarsa. Sai tamfal ya kumbura ya lotsa. Wata iska mai sanyi ta shigo ta ƙarƙashi, da ƙanshin da duk ɗan Adar ya sani. Kafin wani ya yi magana muka ji fat, fat, fat a saman tanti, sannan sama ta ɓalle gaba ɗaya. Mutane suka manta da Idrisa. Suka yi waje cikin ruwan da gudu, maza na kabbara, mata na guɗa, yara na birgima a taɓo. Ni kaina, da shekaruna, na tsinci kaina a waje ina tara hannu. Idrisa ya ƙarasa tsallakewa ba mai kallonsa sai Fa'iza, wadda ta ce wasan ya cika, an yi gari tara.

Ruwan ya daɗe yana zuba. Da ya tsagaita, wani dattijo ya durƙusa ya tona ƙasa da hannu har gwiwar hannunsa ta shige bai tarar da busasshiya ba. Ya ɗago ya ce, "Na shibka na." Daga nan wayoyi suka fara ƙara. Kowane ɗan wasa na gefe da waya a kunne yana tambayar gida, kowa kuma amsa ɗaya yake samu. Ruwan ya game ƙasar duka.

Ban ga wanda ya yi shawara da wani ba. Kawai na ga mai dogayen ƙafafu yana ɗaure itatuwansa, makaɗi ya rataya kalangu, mai jaki ya cire wa jakin hula ya ɗora masa buhu. Suka taimaka aka sauke tanti aka loda a mota, sannan suka zo yi wa Sadiƙu sallama, cikin ladabi, kamar kowace shekara.

Ya zaro takardar daga aljihu. "Ina za ku? Gobe ɗai ta rage! Ga hannuwanku nan, dut kun sa!"

Suka dubi juna, da gaske ba su gane abin da yake nufi ba. Idrisa ne ya matso.

"Maigida, yatsana nis sa ga takarda, ban sa gonata ba. Ƙasa kwana biyu taka riƙe sanyin ga. In ban shibka gobe ba, mi ɗiyana za su ci baɗi? Tanti?"

"Kwana guda, Idrisa. Ni nik koya maka tsayuwa bisa igiya."

"Wallahi ban manta ba, maigida. Ka bari mu shibka, jibi da marece in zo in yi maka wasa har gari shi waye. Amma gobe ba tawa ta ba."

Sadiƙu ya yi faɗa, ya yi roƙo, ya ambaci tara irin ta Amirka, abin da ya sa makaɗi ya yi dariya ba da niyya ba. Ni na ji haushinsu, na kuma san ba su yi laifi ba, don da mahaifina ne a cikinsu da tuni ya yi nisa. Suka watse, wasu a babur, wasu a ƙasa, suna sauri kada duhu ya rufe su. Aka bar mu mu huɗu, ni da shi da Fa'iza da direba.

Rana ba ta ƙarya. Da safe Sadiƙu ya ce a tayar da mota, Takanamat za mu. Mun kafe a taɓo mun fita, mun sake kafewa, muka isa da hantsi. Ya sa jar kwat ɗinsa ya hau saman mota kamar yadda ya saba. Ba kowa. Hotunan da aka lilliƙa sun jiƙe sun zazzago daga bango. Gidaje a buɗe, kaji na yawo, sai wani makaho a gindin bishiya da ya ce mana duk mai ƙafa yana gona.

Fa'iza ta hau tudu ta kira Yamai. Na ji tana bayani, tana roƙo a ɗaga ranar zuwa jibi. Ta dawo idonta ja. "Baba, sun ce abin da anka rubuta shi za a bi. Yau, da mutane sha biyu." Ba ta iya kallonsa ba.

Mu huɗu ko ginshiƙin ba za mu iya ɗagawa ba. Sadiƙu ya ce zai je gona ya nemo maza, ko tantin ne a kafa. Na bi shi don kada ya faɗi a hanya. Ban taɓa ganin Takanamat da kyau irin na ranar ba. Duk inda ka duba mutane ne a jere, maza na gaba suna sara da sungumi, mata da yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige, ana waƙa ana tsokanar juna. Kowa ya gan shi sai ya ce, "A'a, Sadiƙu! Sannu da zuwa, sai marece!" ba tare da ya tsayar da hannu ba. Ya bi gona-gona da jar kwat, ba wanda ya ba shi ko minti ɗaya.

Ƙafarsa ce ta kai shi gonar mahaifinsa, ban ce ya yi niyya ba. Yaya Huseina na ciki ita kaɗai. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza duk suna ƙasar waje ba su dawo ba, don ba wanda ya zaci ruwa yanzu. Tsohuwa mai shekara kusan saba'in, sai ta sari layi guda da sungumi, ta ajiye, ta koma farko ta ɗauki ƙoƙon iri ta bi tana jefawa. Ko kashi ɗaya cikin goma ba ta yi ba. Ta ɗago ta dube shi daga hula har takalmi. Na ɗauka za ta yi masa gori, amma sai ta miƙa masa sungumin.

"Ka zaka? Riƙa min nan, bayana ya gaji."

Ya tsaya da takarda a hannu ɗaya. Ya waiwaya wajen gari, inda ake hango kan motar. Sannan ya tura takardar aljihu, ya tuɓe kwat ya rataya a kan wata sabara, ya karɓa. Saran farko ya karkace, Yaya Huseina ta yi tsaki. Kafin ya kai ƙarshen layi hannun ya tuna. Ta ba ni ƙoƙo ɗaya ta ce karatu bai hana jefa iri, muka bi bayansa mu biyu. Haka muka wuni. Tafin hannunsa ya yi ƙuraje ya fashe, bai daina sara ba, ni ce dai na yi ta mita.

Da rana ta yi sanyi muka dawo gari tare da jama'a, kowa ya gaji liƙis amma bakin kowa a buɗe. Sai suka ga mota. Wani tsoho, abokin Usman mahaifin Sadiƙu, wanda na tabbata yana cikin masu dariyar da, ya ce, "To, ɗan Usman, ina tantin da munka sha labari?" Sadiƙu ya ce ba masu kafawa. Tsohon ya juya ya daka wa samari tsawa, kafin ka ce kwabo maza sun fi arba'in a jikin igiyoyi, da taɓo har gwiwa. Sadiƙu na tsakiya yana ihu, a ja nan, a saki can. Tantin ya tashi a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, amma ya tashi. Garin duka ya shige ciki, kowa na yi masa sallama a bakin ƙofa.

Ba makaɗi, sai mata suka kifa ƙwarya a ruwa suka kama kiɗa. Ba 'yan alkafura, ba jaki, ba Idrisa. Na ga Sadiƙu yana ɗaure igiya da kansa. Na ce, "Kai, gwiwarka!" Ya ce, "Taubashiya, yi min shiru yau ɗai."

Ya hau. Igiyar ta yi rawa, shi ma ya yi rawa, na ji kamar in mutu. Taku na uku gwiwar ta lanƙwashe, tanti duka ya ce "Wayyo!" Yaya Huseina ta kama hannuna ta matse har na ji zafi. Ya buɗe hannuwan nan masu ƙuraje, ya tsaya, ya daidaita. Daga nan ya fara tafiya a hankali, yana kallon gabansa, har tsakiya. A nan ya ɗaga ƙafa ɗaya, don taurin kai, ya juyo ya dubi mutanen garinsu. Guɗar da aka yi, na rantse an ji ta a Afala. Da ya sauko samari suka ɗauke shi sama, tsohon nan na biye yana faɗin tun yana yaro ya san zai yi abin kirki, maƙaryacin banza. Ni kuwa kuka nake yi ina dariya, ban san wanne ya fi yawa ba.

Fa'iza ta ɗauki komai a waya ta aika Yamai, da dogon bayani. Amsa ta zo da safe. Sun yaba, sun ce abin ya burge su, amma mutum ɗaya ba sha biyu ba ne. A kawo tanti.

Ita ta faɗa masa, tana kuka. Ya ce ta share hawayenta, shi ya zaɓi ranar da bakinsa. Direba ya ce a yi maza a naɗe, hanya da nisa. Sadiƙu ya ce ba a isa ba. Ya sa aka shimfiɗa tamfal ɗin a fili, ya bi shi da tsumma yana goge taɓon jiya, ya jira rana ta busar da gefe ɗaya, aka juya ɗayan. Direba na ta danna oda, ko kallonsa bai yi ba. Da ya bushe ya naɗe shi da kansa, kusurwa kan kusurwa, ya ɗaure, aka ɗora a mota. Ya daɗe da tafin hannunsa a kai.

Sannan ya zago wajen tagar Fa'iza.

"Ɗiyata, ki hwaɗa ma wanda za a ba shi, kada shi naɗe shi da sanyi. Ruɓewa shikai."

Motar ta tashi. Bai tsaya ganin ƙurewarta ba, domin rabin gonar na nan ba a shuka ba, ƙasa kuma ta fara shan iska. Ya saɓa sungumi ya wuce, yana ɗingishi, Yaya Huseina na biye da ƙoƙon iri.